Shekarar Ƙanƙara da Saiwar Baba Gyang

Ranar Talatar da ta wuce ƙanƙara ta sauka mana a unguwarmu Daɗin Kowa, nan Jos. Ba wata ta a zo a gani ba ce, ƙanana ce kamar ƙwayar gyaɗa, kuma kafin a tafasa ruwan shayi ta wuce. Jikokina suka fita da kofuna suna tsinta, uwarsu na ɗaukar su hoto da waya. Ni kuwa ina zaune a baranda, tun ƙarar farko da ta yi a kan kwano gabana ya yanke ya faɗi, na rasa dalili, sai da na tuna.

Da yamma ɗana Nasiru ya dawo daga ofis da wata 'yar leda mai ƙyalli a hannu. Kwana biyu ina lura da shi, ya rame, idonsa ya faɗa, magana ma sai an ja shi.

"Hajiya, wani abu na sa aka kawo mini daga waje," in ji shi. "Wai yana kwantar da hankali. Kava sunansa, ba za ki san shi ba."

Na ce ya buɗe in gani. Yana farke bakin ledar warin ya doki hancina, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗan yaji-yaji a bayansa. Shekara arba'in da wani abu rabona da shi, amma ko a mafarki aka shinsina mini zan gane. Wai ba zan san shi ba! Shi Nasirun yana cikina lokacin da na san abin nan.

A wancan zamani unguwar nan ba haka take ba. Inda shagunan nan suke jere yanzu duk gonaki ne da shingen ƙerana, sai tsofaffin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Maigidana, Malam Isuhu, kafinta ne a kasuwar Katako, iyayensa kuza ce ta kawo su Jos. Da kasuwa ta mutu a shekarun da ake bin layin sabulu da madara, sai ya sayar da zarto da sauran kayan aikinsa, ya sayi irin dankalin turawa da taki. Maƙwabcinmu Baba Gyang, tsohon soja ne ɗan asalin wurin, shi ya ba shi aron gona a bayan gidanmu. Duk abin da muka mallaka a duniya yana cikin kunyoyin nan.

Kuma dankalin ya yi. Na rantse har yau ban sake ganin ganye mai duhu irin nasa ba. Ya fara fure, fari da shuɗi-shuɗi, Malam kan fita bayan sallar asuba ya tsaya a bakin gona hannuwa a baya, sai ka ce wanda ya gaji noma kaka da kakanni. In na tsokane shi da cewa kafinta ya zama sarkin noma, sai ya ce in jira in ga buhuna.

Ranar da abin ya faru an yi wani zafi da ba mu saba da shi ba a Jos. Iska ta tsaya cik. Bayan la'asar sama ta yi wani irin launi, ba baƙi ba, ba kore ba, kaji suka shige akurki da kansu ba wanda ya kora su. Sai muka jiyo ƙara daga wajen Bukuru kamar jirgin ƙasa na tahowa, alhali ba lokacin jirgi ba ne. Kafin in gama kwashe shanya ta iso.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. Kowace ɗaya ta kai ƙwan zabuwa. Kwanon ɗakinmu ya riƙa amsawa har ba na jin muryar kaina, ga ni ina salati da ƙarfi. Na tsuguna a lungu na rufe cikina da hannu biyu, lokacin yana wata huɗu. Ba ta daɗe ba, amma da ta ɗauke, shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro.

Muka fito. Duniya ta yi fari fat, tun daga ƙofar gida har gindin duwatsu, wani hayaƙi mai sanyi yana tashi daga ƙasa. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta haske wurin, komai na ƙyalli. In faɗi gaskiya, abin da ya fara kama ni ba baƙin ciki ba ne, mamaki ne, don ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Sai da warin ɗanyen ganye ya cika mini hanci na tuna da gona. Babu ko tsiro ɗaya a tsaye, an daka su sun haɗe da laka. Malam ya cire hularsa, ya ɗebi ƙanƙara ya zuba a ciki, ya daɗe yana kallo har ta fara ɗiga ta ƙasan hular. Ya ce, "Ikon Allah." Daga nan kusan ya daina magana.

Kwanakin da suka biyo baya ruwa bai fasa ba, kullum da rana sai ya zuba, ga sanyi mai shiga ƙashi. Itace ya jiƙe, hayaƙi kawai yake yi. Muka koma cin abinci sau ɗaya, gwate da yakuwar da ta tsira a gindin katanga, ran da babu kuma in jiƙa garin rogo da gishiri. Yunwar mai ciki daban ce, har jiri nake gani in na sunkuya. Amma ba yunwar ce ta fi damuna ba. Malam ya ɗauki turmi ya kifa a bayan ɗaki, nan yake wuni yana kallon bango. Barci ya ƙaurace masa. Na je kemis aka ba ni wasu ƙwayoyi farare ƙanana na barci, ya sha kwana biyu ya ce suna sa masa nauyin kai, ya ajiye su a kan taga.

Wata safiya Baba Gyang ya leƙo ta kan shinge. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Matan Isuhu, kai ka zo. Ina oga?"

Na nuna masa bayan ɗaki. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce mini dankali ya wuce, amma acca ba ta wuce ba. Saura kamar mako uku lokacin shukarta ya wuce. Yana da iri, kuma zai kira danginsa su yi mana gayya.

"Amma mu ba mu yi ma mutum gayya yana kwance," in ji shi. "Mai gona ne zai fara watsa iri da hannunshi. In bai tashi ba, 'yan'uwana za su shuka gonan, don ba a barin ƙasa haka nan."

Na gane sarai. In Malam bai miƙe ba cikin mako uku, ba gona, ba abinci, ga haihuwa na tafe.

Da la'asar Baba ya dawo da wani gwangwanin madara, da akushi, da ɓarin ƙoƙon kwakwa da ya sha hannu har ya yi baƙi yana sheƙi. Ya buɗe gwangwanin, ya ce garin saiwar kava ne daga wani tsibiri a tsakiyar teku, Fiji. Lokacin da aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasar Larabawa ya zauna da sojojin can, ɗaya ya zama amininsa, shi ke aiko masa da ita ta gidan waya. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, na tsaya ina kallon garin nan mai launin ƙasa, ina tunanin ruwan da ya ƙetaro kafin ya iso tsakar gidana.

Ban yarda nan take ba. Sai da na aika wa liman ta bakin matarsa, ya ce matuƙar ba ta gusar da hankali kuma don magani ne, to a kiyaye da yawanta. Washegari Baba ya shimfiɗa tabarma, ya ce wa Malam ya sauko daga turmi, wannan abu a ƙasa ake shan sa. Kafin ya taɓa gwangwanin sai da ya yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Kana shan giya? Malam ya ɗago ya harare shi, karo na farko da na ga rai a idonsa. Ka taɓa ciwon shawara ko na hanta? Ya girgiza kai. Akwai maganin asibiti da kake sha?

Ni na yi karaf na ce babu. A ganina na kemis ba na asibiti ba ne. Kuma kunya nake ji a ce mijina na shan ƙwayar barci, kada unguwa ta ɗauka taɓuwa ya yi.

Baba ya zuba gari kaɗan a cikin farin ƙyalle, ya tsoma a ruwan sanyi, ya yi ta murzawa yana matsewa a hankali har ruwan ya koma kamar na kududdufi. Ya tafa sau ɗaya, ya ɗaga ƙoƙo ya shanye, ya tafa sau uku. Ya ɗiba ya miƙa wa Malam. Na matso in ɗanɗana, ya daka mini tsawa.

"Kai kana da ciki! Ko ɗigo ba za ka sha ba."

Malam ya sha ya yamutsa fuska, ya ce leɓensa ya mutu. Baba ya ce haka take, ya zauna kawai. Ƙoƙo biyu-biyu suka sha ya rufe gwangwani. Suka yi zaune suna kallon duwatsu, ina leƙensu daga madafa. Can na ga kafaɗun Malam sun sauko, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya ce, "Baba, ganyen nan fa ya yi kyau." Baba ya ce, "Ya yi kyau." Iyakar hirar ke nan, amma ni sai da na share hawaye da bakin zani.

Baba ba ya zuwa kullum. Sai ya tsallake kwana biyu, ya ce ba abinci ba ce. Ranar da aka sha kuma ba ya barin Malam ya hau keke ko ya riƙe wani abu mai kaifi. Zama uku suka yi, kowane Malam na ƙara 'yan kalmomi, ya fara samun barci. Amma gona bai ko kalle ta ba, ni kuwa ƙidayar kwana nake yi, saura tara.

Sai aka yi rasuwa a ƙauyen su Baba ya tafi. A nan wayona ya tashi. Na ce a raina, wannan tsoho rowa ce ke damunsa. Wane irin magani ne za a jiƙa da ruwan sanyi, ɗan mitsitsi, a sha yau a huta gobe? Mu da muka tashi a gidan da ake dafa sassaƙe har sai ya yi baƙi, a jefa jar kanwa ta fito da ƙarfinsa? Na je wurin matarsa, Mama Chundung, na ce Baba ya ce in karɓa. Baiwar Allah ta miƙo mini gwangwanin, na juye kusan duka a gefen zani.

Na dafa shi a tukunyar ƙasa da kanwa har ya yi kauri. Don aiki ya yi kyau na ɗauko ƙwayoyin nan biyu daga kan taga na daka na zuba. Na cika moɗa na kai wa Malam ɗaki bayan azahar, ko karyawa bai yi ba. Ya tambaya ina Baba, na ce shi ya aiko. Ya shanye shi kaɗai, ba tabarma, ba tafi, na ja masa ƙofa na fito ina jin daɗin kaina.

La'asar ta yi bai fito alwala ba. Na shiga na tarar da shi a ƙasa, ya yi amai, yana so ya tashi ƙafafu sun ƙi. Idonsa a buɗe amma ba ya tsayawa a kaina, harshe ya yi nauyi. Kafin in dawo daga kururuwa ya tafi wani barci da girgiza ba ta tashe shi. A bayan a-kori-kurar wani mai itace muka kai shi asibiti, ruwan sama na dukanmu, kansa a cinyata, ina sa kunne a ƙirjinsa ina cewa, "Malam, ka yafe ni."

Likita ya tambayi abin da ya sha, na faɗa duka, ban rage ko kanwar ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce saiwar da ƙwayar duk aikinsu ɗaya ne, su kwantar da jiki, na haɗa su sun taru a kansa. Aka ɗibi jininsa don a duba hanta. Sai washegari da hantsi ya farka. Likita ya ce Allah ya taƙaita, amma daga yau ba saiwa, ba ƙwaya.

Baba Gyang ya dawo ya same mu a gida. Na durƙusa ina jiran faɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Na tambaye ka magani, ka ce babu," in ji shi. "Da ka kashe shi, da hannuna ka kashe shi."

Ya jijjiga gwangwanin, ɗan abin da ya rage ya yi ƙara a gindi. Ya juya ya tafi.

Mama Chundung ce ta gaya mini sauran a bakin rijiya. Ashe tun da Baba ya dawo daga aikin soja ba ya jure ƙara mai ƙarfi. Ranar ƙanƙara a bayan rumbu ta same shi ya toshe kunne yana karkarwa. Saiwar nan ita yake lallaɓawa a irin waɗannan ranaku, kuma aminin da ke aiko masa ya rasu tun bara, wannan ne gwangwani na ƙarshe. Shi ya ɗauko ya kawo wa maƙwabci, ni kuma na dafe shi da kanwa a wuni ɗaya. Na ajiye guga na zauna a kan dutse.

Na ɗauka ba zai sake taka gidanmu ba. Washegari da la'asar sai ga shi da tabarmarsa da akushi da ƙoƙo. A cikin akushin kunun acca ne mai ɗumi. Ya zauna, ya tafa, ya sha, ya miƙa wa Malam. Sannan ya dubi madafa.

"Matan Isuhu, wannan kana iya sha. Zo ka zauna."

A zaman nan ne Baba ya ba da labarin bayan rumbu da bakinsa, ƙaton soja guda, yana kwaikwayon yadda ya cusa kai tsakanin tukwane. Malam ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya yi mai isarsa. Baba bai ce masa ya yi haƙuri ba, ya dai ci gaba da cika ƙoƙo. Kullum suka riƙa zama haka har kwana huɗu.

Rana ta biyar tun da sassafe na ji ganga. Dangin Baba ne, maza da mata, kowa da garmarsa mai faɗi, sun jeru a bakin gona cikin hazo suna jira. Ba wanda ya sa ƙarfe a ƙasa. Baba ya riƙe ƙwaryar iri yana kallon ƙofarmu.

Malam ya fito. Ya rame, yana tafiya a hankali, amma ya naɗe ƙafar wando. Ya sa hannu a ƙwarya ya ɗebo, ya duba tafinsa, don irin acca ƙanana ne kamar yashi. Ya yi bismillah ya watsa. Matan suka rangaɗa guɗa, garemani suka sauka a tare, har ƙasa na amsawa a tafin ƙafata. Kafin azahar an gama gonar da ta gagare mu kallo wata guda.

Mun sha wuya kafin ta nuna. Watan marka muka ci ganye iri-iri, har da wanda ban san sunansa ba, Mama Chundung ce ke nuna mini. Amma accar ta fito kamar ciyawa, ta yi laushi tana kwanciya in iska ta bi ta kanta, ni dai har yau ina mamakin yadda abu kamar yashi ya ciyar da gida shekara guda. Ana cikin yankanta na haifi Nasiru, tuwon acca aka ci ranar suna. Baba Gyang bai sake samun saiwarsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. In hadari ya yi baƙi, Malam ne ke ɗaukar tabarma ya zagaya gidansa. Da Baba ya rasu Mama Chundung ta aiko mana da ƙoƙon.

Duk wannan na ba Nasiru labari ranar Talata, ledarsa na kan cinyata. Da na gama na ce masa, "Akwai maganin da kake sha?"

"Babu, Hajiya."

"Har da na kemis nake tambaya."

Ya sunkuyar da kai. Ashe wata biyu ke nan yana shan ƙwayar barci, ko matarsa ba ta sani ba. Niyyarsa ya riƙa kaɗa garin a gora, ya sha a ofis kafin ya tuƙo mota gida. Na ce ledar za ta zauna a akwatina sai ya je ya ga likita ya faɗa masa komai, in ya amince masa, to. Ya ce ko zan ɗanɗana in an buɗe, na ce ina shan maganin hawan jini. Da alama ni da saiwar nan ba mu da rabon juna, sai dai wari.

Na sa aka dama kunu, na buɗe akwati na ɗauko ƙoƙon. Ya ja kujera zai zauna, na ce a'a, sauko ƙasa. Ya naɗe ƙafa a tabarma da wandon ofis, ƙaton mutum mai furfura a gemu. Na tafa sau ɗaya da tsofaffin hannuwana, na cika na miƙa masa. Ya shanye, ya riƙe ƙoƙon bai dawo mini da shi ba, yana shafa bakin ƙoƙon da babban yatsa, daidai inda hannun ubansa ya saba kamawa.

Na jira. Can kafaɗunsa suka sauko.

"Hajiya," in ji shi, "na gaji."

Na ce, "Na sani. Miƙo ƙoƙon in ƙara maka, ina jin ka."